Tawali'u da makirci: inda suke kama da juna

Mutum biyu na zaune a gabanka. Dukansu suna magana a hankali, suna sauraro, ka yabe su su sunkuyar da kai. Ɗaya mai tawali'u ne, ɗayan kuma lumbu-lumbu wutar ƙaiƙayi. Ta yaya za ka bambance su?

Masana halayyar ɗan Adam biyu a Kanada, Kibeom Lee da Michael Ashton, sun bi kalmomin da mutane ke siffanta juna da su a harsuna da dama, suka fitar da ma'aunin hali mai rassa 6 da ake kira HEXACO. Reshe guda shi ne gaskiya da ƙanƙan da kai, kuma kashi 4 gare shi: rashin fuska biyu, adalci, rashin kwaɗayi, da rashin ɗaukar kai.

A 2002, wasu masanan biyu, Delroy Paulhus da Kevin Williams, suka haɗa munanan halaye 3 wuri guda: makirci, ji da kai, da bushewar zuciya. Da aka gwada ma'aunin waɗannan halaye da na HEXACO, sai aka ga mai yawan waɗannan ukun galibi shi ne mai ƙarancin makin gaskiya.

To ina kamar take? A sauƙin hali. HEXACO ya ware haƙuri da yafiya a wani reshe daban, kuma wannan rabuwa tana da muhimmanci ƙwarai. Mutum na iya zama mai fara'a da laushin harshe, alhali Musa ne a baki, Fir'auna a zuci. Wani kuma ga shi da kaushin magana, amma ba zai ci maka ko kwabo ba.

Takardar tambayoyin da ake auna hali da ita kaɗai ba ta isa ba, domin makiri ya san amsar da ake so, musamman wajen neman aiki. Shi ya sa ake haɗawa da shaidar waɗanda suka daɗe da saninsa.

Kai ma kana da abin dubawa. Lura da lokacin da yabonsa ke ƙaruwa: dab da zai nemi alfarma ne? Dubi yadda yake yi da maigadi ko ɗan aike, waɗanda ba ya tsammanin komai a wajensu. Idan ya ba da haƙuri, bi ka ga ko halin ya sauya. Sannan ka hana shi wani abu sau ɗaya. Mai tawali'u zai ji ba daɗi, amma gobe zai gaishe ka kamar kullum. Makiri kuwa ko ya ɗauke maka wuta, ko ya sa ka ji kamar kai ne mai laifi.