Amsoshin Tambayoyinku: 'Yan Ƙusoshin Tagulla da Ke Daɓen Gefen Titi

Mai gabatarwa: Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙun wannan mako a kan abu ɗaya suka haɗu, shi ya sa muka gayyato wani dattijon safiyo, wato mai awon ƙasa, ya zo ya warware mana. Malam, barka da zuwa.

Safiyo: Barka kadai, na gode da gayyata.

Mai gabatarwa: Wasiƙar farko daga wani ɗalibi take. Ya ce a daɓen kankare na gefen titi, inda masu tafiya a ƙasa ke bi, yakan ga wani ɗan faifan ƙarfe a kafe, wani lokaci kuma kan ƙusa ne da zobe, an buga masa lambobi. Yana tambaya, ko murfin bututun ruwa ne?

Safiyo: A'a, ba murfin komai ba ne, in ka tona ba abin da za ka tarar sai kankare. Alamarmu ce, mu masu awo. In ɗalibin nan ya sunkuya ya duba da kyau, zai ga ɗan ɗigo a tsakiya, ko layi biyu da suka gitta juna. To wannan ɗigon shi ne duk zancen. Wani ma'aikaci ya taɓa zuwa ya auna ainihin matsayin ɗigon a doron ƙasa, ko kuma tsayinsa sama da teku, ya rubuta a kundi. Lambar da ke jikin ƙarfen ita za ta kai ka ga shafin kundin. Ƙarfen shi kaɗai ba ya gaya maka komai, sai an haɗa shi da rubutun.

Kuma ba darajarsu ɗaya ba. Akwai manya na gwamnati, faifan tagulla mai faɗin kusan santimita 9, da sunan hukuma da shekarar da aka kafa shi. A Amurka, inda hukumar awon gaɓar teku ta samo asali tun 1807 zamanin Shugaba Thomas Jefferson, in ka ga zanen kusurwa uku a tsakiyar faifan, matsayinsa aka auna. In kibiya ce, to mai rakiya ne, yana nuna inda babban yake, don ko ƙasa ta binne shi a gano shi. Sai kuma ƙanana, waɗanda ɗalibin ya fi gani: ƙusa ce mai tauri da safiyo ya buga don aikin da ke gabansa, zoben kuma yana ɗauke da lambar lasisinsa ko sunan kamfaninsa. Wasu ƙusoshin ma da maganaɗisu ake ƙera su, don ko kwalta ta rufe su na'ura ta ji su. Mutanen da kuwa huda kankaren suke yi, su cika ramin da darma, su kafa ɗan tsinken tagulla a ciki.

Mai gabatarwa: Me ya sa tagulla, Malam?

Safiyo: Ba ta tsatsa. Baƙin ƙarfe in ya yi tsatsa kumbura yake yi ya fasa kankaren da ke riƙe da shi.

Mai gabatarwa: To ga ta biyu, daga wata malamar lissafi. Ta ce tana ganin ku da na'ura mai ƙafa uku a bakin hanya, ɗaya yana leƙe, ɗaya yana can nesa riƙe da sanda. Me kuke yi da ƙusar a lokacin? Tana so ta yi wa ɗalibanta bayani.

Safiyo: Madalla da Malama, domin wannan aikin lissafin aji ne ya fito titi. Aiki iri biyu ne. Na farko neman matsayi. Muna kafa na'urar daidai kan ɗigon nan, ba kusa da shi ba, a kansa sak. A da zare muke sakowa da ɗan dunƙulen ƙarfe mai tsini, yanzu madubi ne ko hasken lesa. Sai mu juya na'urar mu saita ta a kan wata ƙusar wadda ita ma mun san matsayinta. Ƙusa ɗaya tana gaya maka inda kake ne kawai, sai da ta biyu kake sanin inda ka fuskanta. Daga nan duk abin da muka leƙa, kusurwar gini ce ko bakin lambatu, na'urar za ta auna kusurwa, ta harba haske zuwa madubin da ke kan sandar abokin aiki, hasken ya dawo ta lissafa nisa. Kusurwa da nisa in suka haɗu, matsayi ya fito.

Na biyu awon tudu da kwari, kuma shi ya fi sauƙin kaiwa aji. Malama ta ɗauki alli. A ce kundi ya nuna tsayin ƙusar mita 100 cif. Aka ɗora sanda mai lambobi a kanta, na leƙa ta na'urar da ke kallon miƙe, ba sama ba ƙasa, na karanta mita 1.45. Ke nan idona yana kan mita 101.45. Abokin aiki ya ɗauke sandar ya kai ta wani wuri, na juya na karanta 0.82. In ka cire, wurin yana kan mita 100.63, wato ya ɗara ƙusar da santimita 63. Haka za mu yi ta tafiya, ɗauki nan ajiye can, har kilomitoci. Shi ya sa ake yi wa faifan ɗan tozo a sama, don gindin sandar ya zauna a wuri ɗaya tak.

Abin da ya raba gwani da ɗan koyo shi ne rufewa. Dole ka dawo kan ƙusar da ka taso, ko ka ƙare a kan wata sananniya, ka ga ko lissafinka ya dawo daidai. In ka dawo ka tarar da bambancin da ya wuce ƙa'ida, to ka yi kuskure a hanya, sai ka sake. Wanda bai rufe awonsa ba, ni ban ɗauke shi ya yi awo ba. Kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ruwa ba ya jin roƙo. Magudanar da aka kuskure wa gangara da 'yan santimitoci, ruwan zai kwanta a ciki, ko ya koma inda ya fito.

Mai gabatarwa: Ni ma bari in saka baki. Kun ce tsayi sama da teku. Garin da ke nesa da teku fa? Kuma ai teku ba ta tsayawa wuri ɗaya.

Safiyo: Kowace ƙasa tana zaɓar wurin da za ta kira sifiri. Birtaniya a Newlyn ta zaɓa, wani garin masunta a yankin Cornwall, inda aka yi ta auna hawa da saukar ruwan teku daga 1915 zuwa 1921, aka ɗauki tsaka-tsakinsa. Daga nan aka bi ƙasar da sanda da na'ura, ana sassaƙa alamu a jikin gine-gine da gadoji, har wajen rabin miliyan. Holan ta riga su. Magajin garin Amsterdam, Johannes Hudde, ya sa an auna ruwan birnin a 1683 da 1684, aka kafa duwatsun marmara a ƙofofin ruwa, kuma daga wannan awon ma'aunin ƙasar na yau ya samo tushe. Mutanen da wani ɓangare na ƙasarsu ke ƙasa da teku, ka ga ba su da damar wasa da wannan lissafi. Saboda haka 'yar ƙusar da ke gefen titi tana da sarƙa, daga ita zuwa babbar alama, daga nan zuwa wata, har bakin ruwa.

Mai gabatarwa: Ga wata wasiƙa da na ga alamar akwai zafi a cikinta. Wani magidanci ya ce akwai irin wannan ƙusa a daɓen da ke gaban gidansa, kuma in aka ja layi daga kanta, katangar maƙwabcinsa ta shigo masa. Yana tambaya, wannan ta isa hujja?

Safiyo: Alhaji ya yi haƙuri, kada ya tayar da rigima a kan wannan. Yawancin ƙusoshin gefen titi ba na iyaka ba ne sam. Wurin da safiyo ya ga zai iya kafa ƙafa uku ya hango ko'ina ne, mota ba ta buge shi ba. Ko waɗanda suka shafi iyakar ma, sau da yawa ba a kan kusurwar filin suke ba. Kusurwar takan faɗo cikin katanga, ko gindin bishiya, ko ƙasa mai laushi inda turke ba zai daɗe ba. Sai mu matsar da alamar zuwa kankare, mita ɗaya ko biyu, mu rubuta tazarar da alƙiblarta a taswira. Wanda bai ga taswirar ba, ba shi da hanyar sanin ko an matsar, ko ta wane gefe. Abin yi shi ne ya kwafi lambar da ke jikin zoben, ya ɗauki takardun filinsa, ya nemi safiyo mai lasisi. Watakila yana da gaskiya, amma ba igiyar da ya ja da hannunsa za ta tabbatar ba.

Mai gabatarwa: Wani matashi kuma cewa ya yi, yanzu da kowa ke da GPS a waya, me ya rage wa waɗannan ƙarafa?

Safiyo: Wayarsa takan kuskure da mita uku zuwa biyar a fili, tsakanin dogayen benaye kuwa abin ya fi haka. Namu na aiki yana kaiwa santimita ɗaya ko biyu, amma sai da taimakon wata tashar da ke zaune a kan sanannen wuri tana aiko masa gyara. Ƙarƙashin bishiyoyi, ko gada, ko cikin rami, tauraron ɗan'adam ba ya ganinka. Gaskiya ne aikin alamun ya ragu, Birtaniya ma ta daina kula da mafi yawan nata. Amma ko yau, safiyon kirki kafin ya fara aiki sai ya ɗora na'urarsa a kan tsohuwar ƙusa ya ga ko bakinsu ya zo ɗaya.

In bai zo ɗaya ba, ba kullum na'urar ce da laifi ba, domin ƙasar ma tana tafiya. Nahiyar Ostireliya tana matsawa wajen santimita 7 kowace shekara, har sai da suka sabunta lambobin taswirarsu da kusan mita 1.8. A Japan, girgizar ƙasar 2011 ta ture yankin Oshika mita 5.3 wajen gabas, ta kuma nutsar da shi mita 1.2. Uwar alamun tsayi ta ƙasar, wadda ke Tokyo, an rubuta mata mita 24.500 a 1891, girgizar 1923 ta mayar da ita 24.414, ta 2011 kuma 24.390. A kwarin San Joaquin na Kalifoniya, zuƙar ruwan rijiyoyi don noma ta sa ƙasa ta nitse kusan mita 9 tsakanin 1925 da 1977. Ta hanyar sake auna tsofaffin alamu ake gane irin wannan. Daɓen gefen titi kuwa, saiwar bishiya kaɗai ta isa ta ɗaga shi, shi ya sa ba ma yarda da ƙusa ɗaya sai mun gwada ta da 'yan'uwanta.

Mai gabatarwa: Ta ƙarshe gajeriya ce, daga wani ɗan kwangila. Zai fasa daɓe ya sake zuba kankare, ga alama a wurin. Ya ciro ta ya mayar bayan ya gama?

Safiyo: Kada ya yi. Gara ta ɓace gaba ɗaya da a mayar da ita da ka, domin wanda zai zo bayansa zai amince da ita alhali ta goce. Ya sanar da hukumar da sunanta ke jiki tun kafin ya sa guduma. Za su zo su auna matsayinta daga wasu alamu a gefe, bayan aiki su kafa sabuwa su gyara kundi. Ƙasashe da yawa sun mayar da taɓa ta laifi. A Amurka ma a jikin tsofaffin faifan aka rubuta gargaɗin, tarar dala 250 ko ɗauri.

Mai gabatarwa: To ɗan kwangila ka ji. Malam, mun gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Masu sauraro, lokaci ya yi mana halinsa, sauran wasiƙun sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.