Kofin ruwa da diddigen tsoho

Sadiya: Jama'a, sannunku da zuwa. Yau mun kamo Yaya Rabi daga Ingila, inda take aikin kula da tsofaffi. Yaya, an ce gidajen kula da tsofaffin nan kamar otal suke.

Rabi: Daga bakin ƙofa kam otal ne, ƙanwata, ga furanni ga ƙamshi. Amma ni in na shiga ɗakin tsohuwa, kofin ruwanta nake fara dubawa. In yana cike kuma an ajiye shi inda hannunta ba ya kaiwa, to tun safe ba ta sha ba. Leɓe ya bushe, fitsari ya yi ja, ta fara ruɗewa, 'ya'ya su ce ai tsufa ne.

Nura: Alhali ƙishirwa ce.

Rabi: Wallahi. Sai diddige. Wanda ba ya iya juyi da kansa, ana juya shi duk awa biyu zuwa huɗu. In aka bar shi, fata ta yi ja a diddige ko ƙugu. Ka danna da yatsa, in jan bai washe ba, gyambon kwanciya ya kama hanya. A wani gida da na taɓa aiki, takardar da ake rubuta lokutan juyi cike take fal, biro ɗaya, rubutu ɗaya, wai na dare da rana. Da na zare wa dattijon safa, wari ne ya fara amsa min.

Sadiya: Subhanallahi! To ina masu sa ido?

Nura: Ai nan gizo ke saƙar. Ku tuna Orchid View, wani gidan tsofaffi a yankin West Sussex na Ingila. A 2010 hukumar CQC, mai sa ido kan irin waɗannan gidaje, ta ce gidan yana da kyau, a 2011 aka rufe shi, a 2013 bincike ya tabbatar sakaci na da hannu a mutuwar mutum biyar. Wata ma'aikaciyar ofis ce ta tona, bayan an sa ta yayyaga takardun magani.

Rabi: Kuma kada ku ɗauka duk mugunta ce. Mutum biyu ne kan tsofaffi rututu da dare, ƙararrawar neman taimako uku na kuka a lokaci guda. Ba uzuri nake ba mu ba, amma haka abin yake.

Nura: Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce biyu cikin uku na ma'aikatan irin waɗannan gidaje sun amsa cewa sun taɓa cutar da tsoho a cikin shekara guda.

Sadiya: Yaya, mai ziyara fa, me zai yi?

Rabi: Ya daina zuwa ranar Lahadi da la'asar kawai, an san da zuwansa. Ya faɗo ranar Talata lokacin abincin rana. Ya duba zobe ko ya fara yawo a yatsa, alamar rama ke nan. Ya duba farce. In kullum barci ya tarar da tsohuwar, ya tambayi wane magani aka ƙara. Sannan ya laluba igiyar ƙararrawa.

Sadiya: Ina ake samunta?

Rabi: Sau da yawa a bayan gado, an naɗe ta.