Kalmar "Kai" a Bakin 'Yan Jaridar Amurka na 1961

Assalamu alaikum. Malamai, 'yan'uwa ɗalibai, barkanmu da wannan yammaci.

Kalma ɗaya tak zan riƙe a zamanmu na yau, wato head ta Turanci, wadda mu muke ce wa kai. Abin da nake so mu duba shi ne yadda 'yan jaridar Amurka suka yi aiki da ita wajen shekarar 1961.

Me ya sa 1961? Saboda wasu malamai biyu na Jami'ar Brown, Nelson Francis da Henry Kucera, sun tattara rubuce-rubucen da aka buga a Amurka a wannan shekara kaɗai. Gutsure 500 suka ɗiba, kowane yana da kalmomi kusan 2,000, jimilla miliyan ɗaya da 'yan kai. Sun kasa su gida 15, kuma 44 daga cikin gutsuren rahotannin jarida ne zalla. A kan kati mai huji aka shigar da su cikin kwamfuta, ɗaya bayan ɗaya, sannan a 1967 suka fitar da littafin ƙididdigar. Ni ina ganin girman wannan aiki, domin ya sauƙaƙa wa mai nazari ya jera duk wuraren da kalma ta fito, tare da maƙwabtanta na hagu da dama, ya daina dogaro da abin da kunnensa ya saba ji.

To, idan ka bi labaran wancan zamani, sau da yawa kan da ake nufi ba wanda ke bisa wuya ba ne. Shugaba ake nufi. Shugaban ƙasa, shugaban ƙungiyar ƙwadago, babban mai horar da 'yan wasa. Allen Dulles, wanda ke riƙe da CIA, hukumar leƙen asirin Amurka, lokacin da harin da aka kai Kyuba ya wargaje a Afrilun 1961, da wannan kalma ake iya kiransa. Tana kuma rikiɗa ta zama aikatau: wane ya jagoranci kwamiti, wane ya nufi birni kaza.

Akwai dalili na sana'a a nan, kuma shi na fi so ku riƙe. A lokacin da dalma ake zuba layukan jarida, faɗin shafi kuma ba ya miƙewa. Kalmar nan harafi huɗu ce. Chairman takwas ce, president tara. Editan da ke neman cusa labari cikin layi guda, agogo na binsa, gajeriyar zai ɗauka. Sai dai gajartar tana cin wani abu. Wanda jama'a suka zaɓa da wanda aka naɗa da wanda ya gada duk sun koma suna ɗaya, mai karatu bai san ta inda mutum ya hau ba. Wannan asara ce ta gaske ga wanda ke son sanin wa zai tuhuma.

Yaushe kalmar ke komawa jiki? Galibi idan jini ya zuba: haɗarin mota, harbi, duka. Ku tuna da mutanen nan, baƙaƙe da farare, da suka hau motocin safa a watan Mayun 1961 don ƙalubalantar wariyar launin fata a kudancin Amurka. Ranar 14 ga Mayu, a Birmingham ta jihar Alabama, an doki ɗaya daga cikinsu, James Peck, har sai da aka yi masa ɗinki sama da 50 a ka. Ranar 20 ga wata, a Montgomery, aka maka wa wani daga cikinsu, John Lewis, akwatin katako a ka. A shafi ɗaya kana iya ganin kalmar sau biyu, sau ɗaya ga mai mulki, sau ɗaya ga wanda aka fasa wa. Ba na iya karanta irin wannan shafi hankalina kwance.

Wata ɗaliba ta tambaye ni ɗazu ko za a iya yin haka da Hausa. Ƙwarai kuwa. Muna cewa kanun labarai, muna cewa haɗin kai, da kansa, a kan tebur. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya tun 1939, to akwai rubutun jarida na Hausa daga wannan zamani da za a iya shigarwa cikin kwamfuta a jera kamar yadda aka yi a Brown. Aikin na masu haƙurin bugawa ne, shafi bayan shafi, tare da kula da haruffa masu ƙugiya kada na'ura ta haɗiye su.

Yanzu sai tambayoyi.