Tsallaken Kwara a Asaba, 1967: Daga Laccar Tarihin Yaƙin Basasa

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, yau a bakin ruwa za mu tsaya, domin a ganina babu inda Kogin Kwara ya wahalar da sojan tarayya kamar tsakanin Asaba da Onitsha.

A watan Agustan 1967 sojojin Biyafara suka kutsa Jihar Midwest har suka kai garin Ore a Jihar Yamma. Cikin gaggawa gwamnatin tarayya ta haɗa Runduna ta 2, aka damƙa ta ga Murtala Muhammed. Ya kwato Benin a watan Satumba, farkon Oktoba kuma yana Asaba. Sojojin Biyafara masu ja da baya suka fasa gadar Kwara da aka kammala a 1965. Ga Onitsha ana hangen ta a ƙetare, babu hanyar taka ta.

Kafin mu shiga ruwan, dole in faɗi wannan: ranar 7 ga Oktoba sojojin tarayya sun harbe ɗaruruwan maza farar hula a Asaba. Wanda ya tsallake wannan bai ba ku tarihi ba.

Hedikwatar soja a Legas ta so a haura arewa, a ƙetare a Idah inda gaɓa biyun ke hannun tarayya. Murtala ya ƙi, yana ganin zagaye zai ba abokan gaba damar shiri. Ranar 12 ga Oktoba aka loda sojoji a jiragen ruwa, suka sauka Onitsha. To, a nan abin ya lalace. Maimakon a riƙe bakin gaɓa a haƙa ramuka, da yawa suka fantsama cikin gari, babbar kasuwa ta kama da wuta. Joe Achuzia, wani kwamandan Biyafara, da mutanensa suka dawo musu. Ku duba halin sojan nan: gabansa wuta, bayansa ruwa, harsashi na ƙarewa, taimako bai iso ba. Yawancinsu sababbin ɗauka ne, wasu ko iyo ba su iya ba. Sau biyu aka sake gwadawa, kowane karo ana asarar mutane da jirage. Jarumtar Murtala ba na jayayya da ita, amma gwaji na biyu da na uku ban ga hujjarsu ba, tunda mai tsaro ya riga ya san inda za a sauka.

Daga bisani dai Idah ɗin aka bi. Rundunar ta ƙetare, ta gangaro ta ƙasa ta Awka, Onitsha ta faɗi a watan Maris 1968, wata biyar bayan gwajin farko. Ko nan ba a huta ba: ranar 31 ga Maris, a Abagana, Manjo Jonathan Uchendu na Biyafara ya yi wa ayarin kayan rundunar kwanton ɓauna, tankar mai ta kama, motoci masu yawa suka ƙone.

Bayan sallah za mu ɗauki bakin teku, mu ga yadda Benjamin Adekunle, wani kwamandan tarayya, ya sauka Bonny da Calabar.