Hanyar Zama Likitan Yara Daga Nan Legas

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Babba idan ya je asibiti, da bakinsa yake nuna inda ke masa ciwo. Jariri kuwa sai kuka. Likitan yara shi ne wanda ya koyi karanta wannan kukan, da saurin numfashi, da launin ido, da kuma maganar uwa. Yau da ku nake, ƙannena na Agege, Idi-Araba, Obalende da Mile 12, masu burin wannan aiki.

Tun a sakandare ake ɗaura ɗamara. Kana buƙatar kiredit 5 a WAEC ko NECO: Turanci, Lissafi, Fizik, Kemistiri da Bayoloji, kuma ka yi ƙoƙari su fito a zama ɗaya. A JAMB za ka rubuta Turanci da waɗannan darussan kimiyya 3. Masu neman likitanci suna da yawa, gurabe kaɗan ne, don haka maki mai tsoka ake nema.

Babu digirin likitan yara kai tsaye. Kowa sai ya fara zama cikakken likita, wato ya yi digirin MBBS, shekara 6. A Jami'ar Legas, shekarar farko a Akoka ake yi, daga nan a koma Kwalejin Likitanci da ke Idi-Araba, jikin asibitin koyarwa na LUTH wanda aka buɗe a 1962. Wasunku kullum ta bakin ƙofarsa kuke wucewa. Akwai kuma kwalejin Jami'ar Jihar Legas a Ikeja, tare da asibitin LASUTH.

Shekara ta 2 da ta 3 su ne masu kayar da mutane. Nan ake karanta tsarin sassan jiki, da yadda suke aiki, da sinadaran da ke cikinsu. Za ka shiga ɗakin gawa. Na san ɗalibanmu da yawa zuciyarsu na tsinkewa a ranar farko, kuma wannan ba rauni ba ne, girmama mamaci ne da aka tashe mu a kai. Riƙe wannan ladabin, ka tsaya ka koya. Karatun kuma ba ya son tari. Wanda ya bari sai jarrabawa ta matso, ba a fafe gora ranar tafiya. Nemi abokai 3 ko 4 masu himma, ku riƙa yi wa juna tambayoyi kullum.

Kada ka raina Lissafi don ka shiga likitanci. Maganin yaro da nauyinsa ake aunawa, kilo-kilo. Ɗigon da ke tsakanin lambobi ya kauce gurbi ɗaya a lissafinka, ka ninka wa jariri magani sau 10.

Idan aka fara kai ku ɗakunan majinyata, nan ne ainihin shirin da nake so ka ji. Zagayen ɗakin yara ya zama gidanka. Ka ga zazzabin cizon sauro da idonka, ka ga gudawa, limoniya, tamowa, sikila, da shawarar jarirai. Ka roƙi ma'aikatan jinya su nuna maka yadda ake neman jijiya a hannun jaririn da bai kai kilo 2 ba. Sun daɗe a kan aikin, kuma suna koya wa ɗalibi mai ladabi.

Sai maganar harshe, wadda ni a wurina ita ce babbar dukiyarku. Uwa za ta ce, "Likita, maɗigarsa ta loɓa." Wanda ya ji Hausa ya san nan take ya duba ko ruwan jikin yaron ya ƙare. Wata za ta ce haƙori yake fitarwa shi ya sa yake zawo, ka lallashe ta, ka nuna mata yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari, ba tare da ka kunyata ta ba. Akwai iyayenmu mata a Alaba Rago da Agege da ke jinkirin zuwa asibiti don kawai tsoron ba za a fahimce su ba. Kai da ka tashi a Legas kana jin Hausa, kana taɓa Yarabanci, ga buroka a bakinka. Kada ka bari ko ɗaya ya zube. Ƙanwata, ke ma haka, kuma uwa takan faɗa wa mace abin da ba za ta faɗa wa namiji ba.

Bayan MBBS, hukumar likitoci ta MDCN za ta ba ka lasisin wucin gadi, ka yi shekara 1 ta koyon aiki, wata 3 daga ciki a sashen yara. Sai bautar ƙasa. Sannan jarrabawar shiga ƙwarewa, ta Kwalejin Ƙwarewar Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a kan hanyar Badagry, ko ta Kwalejin Likitocin Afirka ta Yamma. Horon kan ɗauki shekara 5 zuwa 6, ana biyanka albashi, kana kwana a bakin aiki. Idan ka haɗa duka, kusan shekara 14 ke nan, in yajin aiki bai ƙara ba. Ka zauna da Baba da Mama tun yanzu ku yi wannan lissafin tare, don kada a tsakiyar hanya a ce ka dawo shago.

Farfesa Olikoye Ransome-Kuti likitan yara ne a nan Idi-Araba kafin ya zama Ministan Lafiya daga 1985 zuwa 1992, kuma abin da ya fi dagewa a kai shi ne rigakafi, shayar da nonon uwa, da ƙananan asibitocin unguwa. Irin wannan asibitin yana kusa da gidanku. Hutun da ke tafe, je ka gaishe da shugabar ma'aikatan jinya, ka nemi izinin taimakawa ranar rigakafi, ko da riƙe sikelin awon jarirai ne da rubuta nauyinsu a kati.