Farar Shinkafa da Layin Dogon Boma

(An rubuto wannan daga faifan wata lacca da aka yi wa ɗalibai da yammacin Asabar. Farkon faifan bai fita ba.)

...Malam shugaban zama, malamai, 'yan'uwa ɗalibai, assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? Madalla. An ba ni minti arba'in, ni kuma na tsara abubuwa huɗu a kan sojojin Ingila da Japan ta riƙe fursunoni a Yaƙin Duniya na Biyu: yadda aka kama su, aikin da aka sa su, abin da ya kashe su, sai yadda ta ƙare. Ku riƙe mini lissafi, don uwargida ta ce ban taɓa cewa huɗu na tsaya a huɗu ba.

Na farko. Ranar 8 ga Disamba 1941 sojojin Japan suka sauka a Kota Bharu, arewacin Malaya, wato Malesiya ta yau, wadda a lokacin Ingila ke mulka. Bayan kwana biyu jiragen samansu suka nutsar da manyan jiragen ruwan yaƙin Ingila guda biyu. Turawa sun raina su ƙwarai, to amma kowa ya raina gajere bai taka kunama ba. A kan kekuna mutanen nan suka yi ta gangarowa kudu, keke dai irin na mai tallan kankana. Ranar 15 ga Fabrairu 1942 Janar Percival ya miƙa Singafo ga Janar Yamashita a cikin kamfanin motoci na Ford. Mutum wajen 80,000, Turawan Ingila da 'yan Indiya da 'yan Ostireliya, suka ajiye bindiga a gaban rundunar da ba ta kai rabinsu ba. Churchill, Firaministan Ingila na lokacin, da bakinsa ya ce a tarihin Ingila ba a taɓa miƙa wuya irin wannan ba.

Shi kuwa sojan Japan, tarbiyyar da aka yi masa ita ce gara ya mutu da a kama shi da rai. To yaya zai kalli ƙato mai ƙafa biyu da hannu biyu da ya ɗaga hannu sama? Kallon wanda ya zubar da mutuncinsa. Japan ta sa hannu a yarjejeniyar Geneva ta 1929 a kan fursunonin yaƙi, amma ba ta tabbatar da ita ba. Masu gadi kuma da yawansu 'yan Koriya ne, waɗanda su ma mari suke sha daga na samansu, sai su sauke a kan na ƙasa.

Na biyu, aikin. Japan na son kai wa sojojinta na Boma kaya, hanyar teku kuwa ta yi haɗari. Sai suka ce a ja layin dogo daga Ban Pong a Tailan zuwa Thanbyuzayat a Boma. Kilomita 415, ku ce Kano zuwa Abuja, amma cikin ƙungurmin daji da duwatsu da koguna. Da diga, da shebur, da kwando. Aka fara a 1942, aka haɗe layin a Oktoba 1943. Daga Singafo a taragon ƙarfe na ɗaukar kaya ake kwaso su, mutum kusan talatin a tarago guda, kwana biyar, da rana kamar tanda, ba wurin miƙe ƙafa. Fursunoni wajen 60,000 suka yi aikin, fiye da 12,000 suka mutu.

Me ya kashe su? In kun tambayi wanda ya kalli fim zai ce bulala. An yi duka, an yi kisa, ban musa ba. Amma abin da ya fi cin rai shi ne abin da ke cikin kwano. Shinkafa. Farar shinkafa, safe, rana, dare, da ɗan ruwan miya wanda za ka hango gindin kwano ta cikinsa. Wanda ya kwanta ciwo kuma a rage masa rabo, wai wanda bai yi aiki ba bai ci abinci ba.

Ku tsaya, nan ne nake so mu zauna. Ƙwayar shinkafa tana da riga biyu. Akwai ƙaiƙayi na waje, wanda ba ya ciwuwa, akwai kuma wata siririyar fata ja-ja a jikin ƙwayar, wadda in an surfe take zama dusa. A cikin wannan dusar bitamin B1 yake. In inji ya goge ta ƙal, shinkafa ta yi fari tas kamar haƙorin amarya, to ka ƙoshi amma jijiyoyinka na jin yunwa. Ciwon da ke biyo baya sunansa beriberi. A'a, ɗan'uwa mai jar hula, zauna, ba ruwan Barebari a ciki. (dariya) Na ga Fulanin can baya har sun fara tafi.

Iri biyu ne. Wani ƙafafunsa su mutu, ya riƙa jan su kamar na aro. Wani kuma ya kumbura, in ka danna ƙwaurinsa da yatsa ramin ya tsaya kamar ka danna tuwo, ruwa ya yi ta hawa har zuciya ta gaza. Mutum ya kwanta da dare yana hira, da asuba a tarar ya cika.

Abin da ke ba ni haushi, kuma shekara da shekaru ina faɗa a aji, shi ne ba a jahilci maganin ba. Tun wajen 1890 wani likita ɗan Holan, Eijkman, a Batavia, wato Jakarta ta yau, ya lura kajinsa suna tangaɗi suna faɗuwa. Ashe ragowar farar shinkafar asibitin soja ake zuba musu. Aka canza kuku, sabon ya ce shi ba zai ba kajin farar hula shinkafar soja ba. (dariya) Wallahi haka aka ruwaito. Aka koma ba su wadda ba a goge ba, kaji suka miƙe. A 1929 aka ba shi kyautar Nobel. Albarkacin kaji da rowar kuku.

Su kansu mutanen Japan sun riga kowa sani. Likitan sojan ruwansu, Takaki, wanda a Landan ya yi karatu, ya ga wani jirginsu ya dawo daga doguwar tafiya a 1883, mutum 169 sun kamu, 25 sun mutu. Ya sa aka sake tura wani jirgin ta hanya guda da abinci daban, ba wanda ya mutu da ciwon. Daga baya aka riƙa gauraya musu sha'ir, ciwon ya kau daga rundunar ruwa. Shekara kusan sittin kafin layin dogon nan ke nan. Sittin!

Ni kakata ba ta san Eijkman ba, amma ina yaro ina ganinta tana gumi. Ta jiƙa shinkafa da ƙaiƙayinta, ta turara a babbar tukunya, ta shanya a tabarma, mu kuma aikinmu korar kaji, sannan a kai turmi. To wannan turarawar tana tura bitamin ɗin cikin ƙwaya, ko an surfe ba ya fita duka. A Malaya ma an lura leburori 'yan Indiya masu cin turararriya ba su cika kamuwa ba, 'yan Sin masu cin fara su ne ke zubewa. Yanzu ku kai wa amarya shinkafa 'yar Hausa ku ga yadda za ta yatsina fuska, wai tsakuwa. Tsakuwa kam akwai, haƙorina na hagu shaida ne, amma...

Ina muke? Na uku? To, na ukun ne muke ciki ashe. Likitocin da ke cikin fursunonin sun san duk wannan. A sansanin Changi da ke Singafo dusar shinkafa suke nema ido rufe, abin da mu awaki muke ba wa, ana auna wa Bature da cokali kamar maganin asibiti, da ƙwari da komai ya haɗiye. Suna matse ciyawa su sha ruwan, suna lasar manja. A bakin layin dogo kuwa ƙwan agwagwa ya ceci rayuka, mutum ya sayar da agogonsa ko bargonsa ga 'yan kasuwar kwale-kwale ya sayi ƙwai. Akwai wani ɗan kasuwa na Kanchanaburi, wani gari a Tailan a kan layin, Boon Pong, da ke ɓoyo magani da kuɗi cikin kayan miya, yana sane in an kama shi kashinsa ya bushe.

Jikin da yunwa ta riga ta ci, komai ya zo sai ya kayar da shi: zazzaɓin cizon sauro, atuni, gyambo. Ƙaramin ƙarzanen gora sai ya zama gyambo har ƙashi. Da cokalin da aka wasa ake kankare ruɓaɓɓen naman, mutum huɗu sun danne mai shi, ba allurar kashe zafi. Wasu su tsoma ƙafar a kogi ƙananan kifaye su cinye ruɓar. Da kwalara ta ɓarke a daminar 1943, lokacin da injiniyoyi ke ta ihun a yi sauri, likitoci sun haɗa ruwan ƙari da tataccen ruwa da gishirin girki, robar abin sauraron ƙirji ta zama tiyo.

Malam na nuna mini agogo. To da gudu. Akwai jiragen ruwa da aka cusa fursunoni a ƙasansu ba wata alama, kamar Lisbon Maru a 1942, wanda jirgin ƙarƙashin ruwan Amurka ya harba, sojojin Ingila fiye da 800 suka halaka. A dunƙule, kashi 27 cikin ɗari na Turawan da Japan ta riƙe sun mutu, a hannun Jamus da Italiya kuwa kashi 4. Diyya? Fam 76 kowane fursuna ɗan Ingila ya samu bayan yaƙi, sai a shekarar 2000 gwamnatinsu ta ba su fam 10,000. A 1998 da Sarkin Japan Akihito ya je Landan, tsofaffin fursunonin suka jeru a bakin titi suka juya masa baya. Na biyar kuma... babu na biyar? To, tambaya.

(Wata ɗaliba: Malam, a gafarce ni, su ma ai mulkin mallaka suke yi mana a lokacin. Mu ina ruwanmu da wahalarsu?)

Yauwa 'yata, da ke aka ba minti arba'in ɗin. Kin tuna mini abin da na tsallake. Turawa 12,000 na ce, ko? To leburorin Asiya da aka kwaso, Tamil da 'yan Boma da 'yan Jawa, an ƙiyasta wajen 90,000 suka mutu a layin nan. Baturen yana da kabari da suna a Kanchanaburi, ana yanke ciyawa har gobe. Su kuwa ko rajista babu.

Ruwanmu kuma, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Malaya ce ke ba Ingila kuza. Da ta faɗi a 1942, sai ido ya dawo kan Jos. Daga nan aka shiga ɗiban gwamna, a bi dagatai a ce kowane gari ya kawo mutum kaza, a kai su haƙar kuza a sanyin Filato, ba bargo, ba isasshen abinci, har 1944. Dubun dubatar talakawan Arewa, kuma an mutu. Sannan layin dogon nan sojojin Japan na Boma yake ciyarwa, su ne kuma kakanninmu na runduna ta 81 da ta 82 suka je suka gwabza da su a Kaladan da Arakan. Barikin Chindit da ke Zariya da Dalet na Kaduna daga can sunayen suka zo. Waye kakansa ya je Boma a nan? Ɗaya, biyu... ɗaga sosai mana... biyar. To ku biyar ɗin kada ku tafi, ku same ni a bakin ƙofa bayan Magariba, ina da littafi da biro.