Me Ya Sa Ciki Ke Kumbura Idan Mai Cutar Ƙin Cin Abinci Ta Fara Ci?

Assalamu alaikum, masu kallo.

Ga yarinya 'yar shekara 17 zaune kan tabarma, an ajiye mata malmalar tuwo da miyar kuka. Watanni ta shafe tana gudun abinci saboda tsoron ƙiba, har ƙasusuwan wuyanta suka fito. Yau ta yarda za ta ci. Loma uku kacal ta kai, sai ta dafe ciki. Ya yi tam kamar ganga, ga shi kwana huɗu ke nan ba ta zaga ba. Ta dubi mahaifiyarta ta ce, "Umma, kin gani ko? Abinci ba ya karɓa ta."

Ciwon nan na gaske ne, kada kowa ya ce raki take yi. Sai dai abincin ba shi da laifi.

Wannan larura likitoci na kiranta anoreksiya, kuma maza ma tana kama su. Tumbi da hanji tsoka ce ke motsa su. Idan jiki ya daɗe cikin yunwa, sai ya shiga tsimi, ya rage wa tsokar nan ƙarfi. Abincin da a da yake wucewa cikin 'yan sa'o'i sai ya yi zamansa a tumbi. Daga nan ne saurin ƙoshi da kumburi da gyatsa da taurin bayan gida ke fitowa. Ko lafiyayye haka jikinsa zai rikice. A 1944, Ancel Keys na Jami'ar Minnesota a Amurka ya fara gwaji kan lafiyayyun maza 36, inda aka rage musu abinci na makonni 24, suka zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Da aka dawo musu da abinci, wasunsu sun sha fama da ciki kafin ya daidaita.

To, a nan ne tarkon yake. Yarinya za ta ce madara na kumbura ta, a cire madara. Gobe wake, jibi mai, gata shinkafa. Wata ƙawa ta ce gyambon ciki ne, wata gwaggo ta ce basir ne, ta jiƙo filasko. Ina roƙonku, ku ajiye filaskon nan. Maganin wanke ciki yana zubar da ruwa da sinadarin potasiyam da zuciya ke dogaro da shi, kuma ranar da aka daina sha, cikin ya ƙara cushewa, ƙafafu su kumbura. Kowane abinci da aka cire kuwa, cutar ce ta samu ƙarin wurin zama.

Abin da ke farfaɗo da hanji shi ne ci a kan lokaci: sau uku a rana, da ɗan abin taɓawa sau biyu ko uku a tsakani, kada a wuce sa'a uku zuwa huɗu ciki ba komai. A farko mai laushi ya fi sauƙi, irin su kunun gyaɗa, fura da nono, faten dankali, dafaffen ƙwai. A sassauta tulin ɗanyen ganye da lemon kwalba da cingam, domin iska suke ƙarawa. Ruwa ma kada a cika ciki da shi dab da ci. Ga yawancin masu jinya, kumburin yakan ragu cikin makonni yayin da jiki ke murmurewa.

Amma ku saurari wannan da kyau. Wadda ta rame sosai, ko ta yi kwanaki kusan ba ta ci komai ba, ba a ɗura mata abinci a gida. Idan abinci ya shigo da yawa lokaci guda, insulin, wato sinadarin da ke daidaita sukari a jini, na tashi, ya janye sinadaran fosfet da potasiyam da magniziyam daga jini zuwa cikin ƙwayoyin jiki, zuciya ta iya rikicewa a kwanakin farko. Iyaye mata da suka yi jinyar yaro mai tamowa sun san wannan hikima: da madarar F-75 mai sauƙi ake farawa, kaɗan-kaɗan, kafin a kai ga mai ƙarfi. Haka nan ma, likita ne zai tsara farawar, ya riƙa duba jini, galibi ya haɗa da bitamin B1. Batun azumi ma a tambaye shi tukuna. Sannan a nemi likitan ƙwaƙwalwa, tunda tsoron abincin a tunani yake zaune.

Idan kun ga bugun zuciya ya canza, ko jiri da suma, ko aman jini, ko ciwon ciki mai tsanani da amai ba ƙaƙƙautawa, ko ruɗewa, a tafi asibiti nan take.

Ita kuwa yarinyarmu, idan ta dafe ciki bayan loma uku, Umma ta zauna kusa da ita, ta sa mata tsumma mai ɗumi a ciki, ta ja ta da hira. Bayan sa'a uku, a kawo kofin kunu.